Benen da Kawu Ya Saya a Bakin Teku

Kawuna, yayan mahaifiyata, da abu biyu ya yi arziki: yadi da fili. Yadin kowa ya san shi da shi a Kantin Kwari. Filin kuwa yana da wata hanyar sayensa da ban taɓa ganin wani yana bi ba. Yakan bi titin da ya fita daga Kano, ya wuce gida na ƙarshe, ya ajiye mota ya ci gaba da tafiya a ƙasa har sai ya daina jin ƙarar injin niƙa. Inda ya tsaya, a nan zai nemi mai gona. Sau uku ya yi haka ana yi masa dariya a kasuwa, kuma duk ukun gari ya taso ya same shi. Dole in fara da wannan, domin wanda ya ji abin da ya faru a China zai ɗauka mutumin ba shi da wayo, alhali ya fi ni wayo nesa ba kusa ba.

Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya tsaya mini har na gama jami'a a gida, kuma da na sami gurbin ƙaro karatun injiniyan gine-gine a China shi ya raka ni filin jirgi. Da na kammala ban koma gida ba. Na sauka Guangzhou a ƙarshen shekarun alif ɗari tara da casa'in, lokacin da 'yan kasuwarmu suka fara juyowa can daga Bangkok da Dubai, na zama tafintansu, ina kuma duba musu kaya kafin a rufe kwantena. Kawu yakan zo sau biyu a shekara. Ba ya kirana da sunana, sai Injiniya, kuma in a gaban mutane ne yakan ɗan ɗaga murya.

A duk tsawon rayuwata har zuwa lokacin ban taɓa ce masa a'a ba. A gidanmu ƙarami ba ya furta wannan kalmar ga babba. Akwai dai waɗanda ake ajiyewa a madadinta. Ka ce "to", ka ja ta. Ka ce "Allah ya zaɓa mafi alheri." In abin ya yi tsanani ka ce "akwai abin dubawa." Babba mai kunne yakan gane, in yana son ganewa.

Maganar ta taso ne a wani shago a Shisanhang, layin 'yan tufafi da ke tsohuwar unguwar Liwan. Mai shagon, wanda kowa ke kira laoban, wato maigida, ya daɗe yana ɗinka wa Kawu rigunan yara. Muna zaune mu uku a kan kujerun roba ana zuba mana shayi a 'yan mitsi-mitsin kofuna: ni, da Kawu, da wani tsohon amininsa mutumin Maraɗi da muke ce wa Elhaji. Da aka gama maganar riguna, laoban ya jawo aljihun tebur ya fito da takardu biyu masu ƙyalli. Ɗaya hoton dogayen benaye ne farare a bakin teku, da bishiyoyin kwakwa, da wasu Turawa a kwance a ƙarƙashin laima. Ɗayar kuma ƙananan gidajen katako ne a gindin wani dutse can arewa mai nisa, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, mutane sun ɗaura dogayen katakai a ƙafa suna gangarowa. Ya ce kamfani ɗaya ne ke gina duka biyun, kuma an ba shi izinin sayar wa baƙi 'yan ƙasar waje. Shi kansa ya sayi sashe biyu a na bakin tekun.

Elhaji ya ɗauki ta ƙanƙarar ya juya ta sama da ƙasa.

"Injiniya, tambaye shi, waɗanga mutane gudun mi suke yi?"

Na ce ba gudu suke ba, wasa ne, biya ma suke yi.

"Su biya su hau, su zamo, su kuma biya su koma? Alhaji, wanga shi ya dace da kai. Bakano in ya faɗi ba ya jin ciwo sai an ce mishi kyauta ya faɗi."

Kawu bai kula shi ba. Ta tekun ce a hannunsa. Ya tambaya ko akwai mutane a wurin. Laoban ya ce ba su da yawa tukuna. Na ga fuskar Kawu ta sake kamar an yi masa albishir, kuma tun daga nan ya kamata in san inda aka dosa.

Na yi ƙoƙarin farko a hanyar komawa masauki. Na bayyana masa cewa a ƙasar nan ba a mallakar ƙasa, aro ake ba mutum na shekara saba'in. Ya ce ai takardar gwamna da ke hannunsa a Kano ma ta shekara casa'in da tara ce, kuma bai ga wanda ya kwana bai yi barci ba saboda haka. Na ce 'yan Hong Kong da aka gina wuraren nan dominsu sun janye tun da kasuwarsu ta karye. Ya ce shi ma lokacin da ya sayi filinsa na farko mai gonar kuka yake da rashin ruwan sama. Duk hujjar da na kawo sai ya karɓe ta ya ajiye ta a nasa ɓangaren.

Bayan kwana biyu laoban ya aiko da ƙaramar bas ta kwashe mu da sassafe. Tafiyar ta kai awa huɗu, gabas da birnin. Tun kafin mu hangi ruwa muka fara ganin benayen. Sun jeru a gefen titi kamar an shanya su, wasu hawa goma, wasu ashirin, galibinsu babu taga babu ƙofa, rodi ya fito a samansu ya yi ja da tsatsa. Ciyawa ta tsiro a barandar wasu. Akwai wani injin ɗaga kaya da kurangar daji ta naɗe shi har wuya. Na daina ƙirga su da muka wuce talatin. Titin kuwa faffaɗa ne, layi uku kowane hannu, da fitilu a tsakiya, kuma a kansa aka baza ƙananan kifaye suna shan rana, sai da direbanmu ya riƙa kaucewa.

Wata budurwa mai kwat da siket ta tarbe mu a ofishin sayarwa. Ta yaba Sinancina, ta ce da ta waya muka yi magana da ta rantse ɗan arewacin ƙasar ne. Na ji daɗin wannan fiye da yadda ya kamata. Ta kai mu benen da aka gama, shi kaɗai ne mai fenti a layinsa. Ta ce lifta tana jiran wani ƙarfe daga Shanghai, don haka muka taka har hawa na tara, Elhaji yana tsayawa a kowane hawa yana tambayar ko akwai ragi ga wanda ya mutu a hanya.

Gidan da ta buɗe mana yana da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Ɗaki uku da falo, tayil fari, labule har ƙasa, baranda tana kallon ruwa. Kawu bai taɓa tsayawa a gaban teku haka ba, sai dai ta tagar jirgi. Ya daɗe a barandar yana kallon ruwan. Daga baya ya tambaye ni alƙibla, na nuna masa, ya gyaɗa kai kamar ita ma an haɗa ta a cikin ciniki.

Ni kuwa na zame na koma matattakala, inda ba a yi shafe ba. Na ciro makullin ɗakina na kankari jikin ginshiƙi. Kankaren ya biyo makullin kamar ƙuli-ƙulin da ya sha iska. A cikin garin da ya zubo a tafina akwai fararen gutsattsarin ɓawon katantanwar ruwa. Wannan darasin shekarar farko ne a makarantarmu: yashin teku in ba a wanke shi ba, gishirinsa yana zama a cikin kankare ya ci rodi daga ciki, rodin ya kumbura ya fasa abin da aka ce ya riƙe. Na ɗaga kai na ga wani jan layi ya riga ya biyo ƙasan matattakalar da ke samana. Na leƙa ta tagar wurin na hangi inda aka ɗebo yashin. Tudun da ke tsakanin benayen da ruwa an yashe shi, ya zama rami.

Da muka sauko muka zagaya ta wajen kwamin ninƙaya. Agwagi ne a ciki. Mai su wata dattijuwa ce da malafa, ita ce kuma mai kifin da ke kan titi. Kawu, wanda ba ya sayen wuri sai ya gaisa da wanda ya tarar, ya ce in tambaye ta labarin unguwar. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce shekararta biyar a nan tun da aka tashi ƙauyensu, kuma ba ta taɓa ganin an kunna fitila a benen can ba, sai ranar da za a kawo masu saye. Ta ce da damina ruwa yana zuwa har inda muke tsaye, abin da bai taɓa yi ba lokacin da tudun yana nan.

Abin da na ce wa Kawu shi ne: "Ta ce mutane ba su fara tarewa ba tukuna, kuma akan sami ruwa da damina."

"Madalla," in ji shi. "Mun riga su ke nan."

Elhaji ya gyara tsayuwa, wannan karon babu wasa a muryarsa.

"Alhaji, ni ban yi boko ba. Amma kaya in sun ƙi Kano kana kai su Maraɗi, in sun ƙi Maraɗi ka tura Agadas. Wanga in ya ƙi, ina za ka kai shi?"

"Fili ba a kai shi ko'ina, Elhaji, zuwa ake a same shi. Ku da kuka saba da rairayi me kuka sani game da gari?"

"Mun san rairayi dai. Ba mu gina bene bisa gare shi."

Suka yi dariya, maganar ta bi iska. Shi Elhaji yana da bakin faɗa amma ba shi da hujja, tsararsa ne, duk abin da ya faɗa ana iya mayar da shi barkwanci. Hujjar tana tafina, har lokacin ban karkaɗe ta ba. Kawu ya juyo ya dube ni, a gaban budurwar da direban da Elhaji.

"Injiniya, ka duba ginin?"

"Na duba, Kawu. Akwai abin dubawa."

"Kowane gini akwai abin dubawa. Zai faɗi?"

"Ba yanzu ba."

"To, alhamdu lillahi."

Shekara ashirin da wani abu ke nan ina juya wannan amsar. Ba ƙarya ba ce, kuma wannan ne abin da ya fi ba ni haushi game da ita. Na daɗe ina gaya wa kaina ladabi ne ya ɗaure mini harshe, kuma akwai ladabin a ciki. Amma yanzu da na kai hamsin, na ga yara suna yi mini irin amsar nan, ba na iya tsayawa a nan. Akwai jin daɗin a kira ni Injiniya a gaban baƙi, wanda ban so in ɓata da gardama ba. Akwai tsoron ya ce mini, a gaban Elhaji, yaushe aka haife ni. Akwai kuma wani abu mafi ƙanƙanta da na fi jin kunyarsa: na san in ya saya, makullin a hannuna zai zauna, kuma ni da ke kwana a ɗaki ɗaya a bayan wata masana'anta a Panyu, can gefen birnin, na hango kaina a barandar nan.

Ya saya. Ni na karanta masa takardun, ni na nuna masa inda zai sa hannu. Ya miƙo mini makullin a filin jirgi ya ce in riƙa leƙawa.

Na riƙa leƙawa, duk bayan wata biyu ko uku. Barandar da na yi kwaɗayi ban taɓa zama a cikinta na minti goma ba. Zuwan farko ƙofa ta kumbura sai da na sa kafaɗa. Na biyu labulen ya yi baƙin tabo, famfo ya yi tari ya tofo jan ruwa ya yi shiru. Bayan guguwar teku ta wuce na tarar da yashi da tarkacen raga a hawan ƙasa, da alamar inda ruwa ya kai a jikin bango, daidai gwiwata. Lifta tana nan tana jiran ƙarfenta. Budurwar ofis ta tafi, an kawo wata, ita ma ta yaba Sinancina. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, can gaba da gaɓar, wani kamfanin ya kafa allo ya fara haƙa harsashin sababbin benaye, ga talatin a tsaye babu ko kare a cikinsu. Na tambayi wani ma'aikaci wa zai zauna a ciki. Ya ce shi ba a ɗauke shi aikin zama ba.

Duk ƙarshen wata nakan kira Kawu daga shagon waya.

"Yaya gidan?"

"Yana nan, Kawu."

"Mutane sun fara zuwa?"

"Ana ta gini dai."

"Ka gani? Na gaya wa Elhaji."

In ajiye wayar in tsaya ina jin haushinsa, ina jin haushin laoban, da na masu haƙa ramin, da na duk wanda ya fara tunanin cewa mutum zai bar inda yake neman abinci ya je ya zauna yana kallon ruwa. Sai na biya mai shagon na fito titi nake tuna wanda ya ce "ana ta gini".

Haka muka yi fiye da shekara. Sai ya zo a zuwansa na bazara, ba shi kaɗai ba. Ya taho da maƙwabtansa biyu na kasuwa, mutanen da suka sa ni a gaba tun ina kai masa abinci shago. A motar da ta ɗauko mu daga filin jirgi ya sanar da ni cewa su ma za su saya, a bene ɗaya da shi, don in an tare a sami jam'in salla. Ɗayansu ya dafa kafaɗata ya ce shi bai san teku ba, bai san China ba, amma tunda Alhaji ya ce ɗansa injiniya ya duba, magana ta ƙare. An sa ranar Asabar za a je.

Wannan ya sauya lissafin da nake yi da kaina. Da ina cewa dukiyarsa ce, ra'ayinsa ne, ya ji ya gani. Yanzu kuwa sunana ne ake yawo da shi a layin 'yan yadi, ana sayar da bene da shi.

Ranar Alhamis na ce ina da kaya da zan duba, na hau bas na tafi ni kaɗai. Ban sha wahalar neman abin da nake so ba. Gefen barandar Kawu ya riga ya tsage, na sa hannu na ɓamɓaro wani gutsure kamar girman bulo ɗin sabulu, da guntun rodi a maƙale a jikinsa. Na naɗe shi a jarida. A hanyar dawowa na yi ta shirya jawabi, na gishiri da ƙarfe da shekarun da gini ke ɗauka, sai na ga duk na taɓa gwada irinsa ya juye a kaina. Mutumin nan bai taɓa sayen yadi da jawabi ba. Samfur ake ajiye masa.

Bayan sallar Juma'a a tsohon masallacin cikin gari, baƙin suka bi Elhaji, wanda shi ma ya zo sari, zuwa kasuwar takalma, ni da Kawu muka shiga wani ɗan gidan taliya na Musulmin arewa maso yammacin China. Kafin a kawo abinci na ajiye ƙunshin a gabansa na buɗe.

"Mene ne wannan?"

"Barandarka ce, Kawu."

Ya ɗauka ya auna nauyinsa a hannu. Ya sa babban yatsa ya murza, yadda yake murza shadda in yana neman sitaci, kankaren ya zube a kan tebur. Ya kama rodin ya lanƙwasa, ya karye ba tare da ya yi wani ƙoƙari ba. Ya shinshina yatsansa. Sai a lokacin na yi bayani, kuma ban wuce jimla biyar ba. Na ce da yashin teku aka yi shi, gishiri yana cin ƙarfen daga ciki, ba a gyara irin wannan, duk benen haka yake, kuma ruwa yana matsowa saboda an kwashe tudun da ke tare shi. Na ce kada ya bari mutanen nan su saya.

Aka ajiye mana kwanuka, ya ɗago ya dube ni.

"Yaushe ka san wannan?"

"Tun ranar da muka fara zuwa."

"Na tambaye ka a ranar."

"Ka tambaye ni ko zai faɗi, na ce ba yanzu ba."

"Amsar dillalai na kai ka makaranta ka koyo?" Bai ɗaga murya ba. "Da wanda bai sani ba ne ya yi shiru, sai in ce ƙaddara. Ka bar ni shekara guda ina buɗe baki a kasuwa, ina cewa ɗana ya duba. Matar nan mai agwagi, ita ma abin da ta faɗa ke nan?"

"Kusan haka."

"Kusan."

Na so in ce masa na yi ta nuna masa hanya bai bi ba, cewa Elhaji ya faɗa masa ƙarara ya mayar da shi wasa, cewa shi ne ya gina gidan da ba a cewa a'a a cikinsa. Duk gaskiya ne, har yau kuma ina ganin yana da nasa kason. Amma ban faɗa ba, kuma wannan karon ba don tsoro ba. Ya tura mini kwanona ya ce in ci kafin ya huce.

Da yamma ya tara baƙinsa a masauki ya ajiye musu ragowar gutsuren. Ya ce ya yi kuskure, kada su bi shi. Bai ambaci sunana ba ko sau ɗaya, kuma na fi jin zafin hakan fiye da a ce ya zage ni a gabansu. Elhaji, wanda na zata zai yi ta tsiya har a koma gida, rodin kawai ya ɗauka ya sa a aljihu.

Na ɗauka an gama. Washegari muka je wurin laoban, na gaya masa abin da ake ciki. Ya dafe kai, ya ce shi ma sashensa biyu suna nan sun zame masa ƙaya, amma kada Alhaji ya damu, har yanzu ana samun baƙi daga ƙetare da hoton ke burgewa, zai nemo wanda zai karɓa. Kawu ya ce ya yarda, da sharaɗi ɗaya: duk wanda zai saya sai an gaya masa aibin gidan gaba ɗaya, domin bai halatta a sayar da abu a ɓoye aibinsa ba, kuma shi bai taɓa cusa ruɓaɓɓen yadi a tsakiyar bandir ba. Laoban ya sa na maimaita fassarar sau biyu. Sannan ya tambaye ni a hankali ko tsohon yana da lafiya.

"Wa zai yi musu bayanin?" na tambayi Kawu, ko da yake na san amsar.

"Wa ke jin yarensu?"

Cikin zuwansa biyu na gaba mun kai mutum huɗu wurin. Kowane sai mun yi awa huɗu a mota, mun taka hawa tara, sannan in tsaya a tsakiyar falo in rushe cinikin da bakina, Kawu yana gefe ya harɗe hannu a baya yana kallon fuskar mai sayen. Na farko bai bari na gama ba. Na biyu ya yi dariya ya ɗauka salon neman ƙarin kuɗi ne da bai gane ba. Na uku ma bai saya ba. Na roƙi Kawu ya bar gidan kawai, a rufe a manta. Ya ce dukiya ba a yasar da ita, kuma aibi ba a ɓoye shi, in ga yadda zan haɗa biyun tunda ni ne mai ilimi.

Na huɗun wani dattijo ne daga Taiwan, mai sanyin hali, da ke neman inda zai huta in ya bar aiki. Ya saurare ni har ƙarshe, ya yi godiya, ya sunkuyar da kai ga Kawu, ya kama hanyar sauka. Muna jin takunsa yana nisa.

"Ka faɗa masa maganar yashin?"

"Na faɗa."

"Da ta ƙarfen?"

"Na faɗa, Kawu."

"Ruwan da ke shigowa da damina fa?"

Na ce mutumin ya riga ya fasa, babu amfanin ƙari.

"Ban ji ka daɗe kamar na wancan karon ba. In ya je ƙasa yarinyar ofis ɗin nan ta nuna masa wani gidan a hawa na biyu fa?"

Na dube shi, ya dube ni. Na miƙa masa makullin ya riƙe, na tattare rigata, na bi dattijon da gudu ina ƙirga hawa, ina kiransa da ya dakata, akwai saura.